Wai tarkace!

Hoto ɗaya tal na saka jiya, na kantar da nake jera kaset-kaset da faifan finafinaina, amma sai da wani bawan Allah ya hana idonsa barci ya zo ya rubuta mini cewa in daina tara tarkace, wai duniya ta ci gaba. Kun dai gani da idonku, tunda wasunku har alamar dariya kuka danna masa. Ina sane da ku ɗaya bayan ɗaya.

Tarkace. Escape from New York ne tarkace. Mad Max 2 tarkace. RoboCop na 1987 tarkace. To madalla ƙanena, sannu da ci gaba, Allah ya ƙara basira.

Magana ɗaya zan yi, kuma zan yi ta nanata ta har ta gundure ku. Waɗannan finafinai na duniyar gobe da ta lalace, inda hukuma ta koma 'yar fashi, kamfani ya koma hukuma, akto ba shi da gata sai bindigarsa ko tsohuwar motarsa, a cikin gida suka rayu. Sinima haihuwarsu kawai ta yi, gida ne ya yi renonsu. Abin da kake kira tarkace shi ne dalilin da ya sa har ka san sunansu.

Ɗauki Blade Runner. Ya fito ranar 25 ga Yunin 1982, sati biyu bayan fim ɗin E.T., lokacin da duk Amurka ta tafi kallon E.T. tana share hawaye. Ridley Scott ne darakta, Harrison Ford ne jarumi, amma fim ya yi kwantai. Masu sharhi da yawa suka ce yana jan ƙafa. Da a ce sinima ce kaɗai alƙali, da an yi masa sutura tun a shekarar. Sai kaset ya ɗauke shi ya shiga da shi ɗakunan mutane. Suka kalla, suka mayar baya, suka sake kalla, suka fara musu kan ko shi kansa jarumin mutum ne ko ƙirarre. A 1992 aka fitar da wani yanka da aka cire muryar mai ba da labari da ƙarshen nan na daɗin baki, a 2007 aka sake fitar da wani. A 2017 kuma aka yi masa ci gaba. Ka faɗa mini, wane ɗan kasuwa ne zai zuba miliyoyin daloli a ci gaban fim ɗin da ya faɗi shekara 35 da suka wuce, in ba ya san akwai 'yan gani-kashe-ninsa zaune a gidajensu ba? Su wa suka tara masa waɗannan mutanen? Tarkace.

In kuma kana ganin wannan labarin mutanen da ne, ga Dredd na 2012. A sinima ko kuɗinsa bai mayar ba. Da ya sauka a faifai sai aka yi rububinsa, har masoya suka yi ta sa hannu a takardar roƙon a yi na biyu. Jarumin, Karl Urban, bai cire hular kwanonsa ba daga farkon fim har ƙarshe, haɓa da baki kawai muke gani, kuma ya fi Stallone da ya tuɓe tasa a Judge Dredd na 1995 don kada a manta fuskarsa. Bene mai hawa 200, an rufe ƙofofi, sai ka hau ko ka mutu. Ba a ɓata maka lokaci da tarihin kakannin kowa ba. Sinima ta yar, gida ya tsince.

Na san yanzu wani mai ilimi zai ɗaga hannu ya ce ai RoboCop da Mad Max sun yi kasuwa a sinima. Eh, sun yi, mun ji, zauna. Sati nawa fim yake yi a sinima? Daga nan zuwa yau kuma, shekaru kusan 40, a ina ya zauna? Su wa suka riƙe shi?

Kuma ga abin da masu kallo sau ɗaya ba za su taɓa ganewa ba. Irin waɗannan finafinai sai an maimaita suke buɗe cikinsu. Lokacin da na fara kallon RoboCop ina yaro, abin da na gani shi ne ɗan sandan ƙarfe yana ɓarin wuta, na tashi ina kwaikwayon tafiyarsa har aka kore ni daga ɗaki. Da na girma na sake sakawa, sai na ga ashe daraktan, Paul Verhoeven, dariya yake yi mana tun farko. Kamfanin OCP ya karɓi kwangilar tafiyar da 'yan sandan Detroit. An kashe wani ɗan sanda mai suna Murphy a bakin aiki, kamfani ya kwashe abin da ya rage na jikinsa ya mayar da shi kayansa, har da wani ɓoyayyen umarni na huɗu a kansa da ya hana shi kama manyan kamfanin komai laifinsu. Ga tallace-tallacen ƙarya da ake jefowa a tsakiyar labarai, ana sayar da bala'i ana murmushi. Fim ɗin bai canza ba, ni ne na canza, kuma yana nan a kanta yana jirana har na iso inda zan gane shi. A 2013 birnin Detroit na gaske ya shigar da takardar karyewar arziki a kotu. Ban ce fim ya yi duba ba, amma ranar na daɗe ina kallon kwalin.

Haka They Live na John Carpenter, 1988. Ya ɗauko ɗan kokawa, Roddy Piper, ya ba shi baƙin tabarau wanda in ka saka sai ka ga abin da ke rubuce a bayan kowane allon talla: ka yi biyayya, ka saya, ka yi barci. A cikinsa akwai dambe na kusan minti 6 a lungu tsakaninsa da Keith David, duk don ɗaya ya ƙi yarda ya saka tabarau. Kallon farko za ka ce wannan wace irin wauta ce, sun ƙi gamawa. Kallo na uku za ka gane cewa haka ake shan wahala kafin mutum ya yarda ya buɗe ido. Ga shi ni ma tun jiya damben da nake yi da kai ke nan, ƙanena.

Sai masu cewa ai kewar ƙuruciya ce kawai, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To wa ya ce muku na ji daɗin banan? Wasu kuma su ce hoton ya tsufa, dabarun sun zama abin dariya. Dariya? A Escape from New York na 1981, inda aka zagaye tsibirin Manhattan da katanga aka mayar da shi kurkuku, akwai wurin da ake nuna taswirar birnin a allon jirgin jarumin, Snake Plissken, kamar kwamfuta ce ta zana. Babu kwamfutar da ta zana. Ƙananan gine-gine aka ƙera, aka bi gefunansu da tef mai ƙyalli, aka haska da fitila ta musamman. Cikin masu aikin dabarun fim ɗin har da wani saurayi mai suna James Cameron, wanda daga baya ya yi Titanic. Titunan da ka ga sun ƙone kuwa, a St. Louis aka samo su, unguwannin da gobara ta riga ta cinye. George Miller da ya yi Mad Max a Ostareliya a 1979 likita ne, ya ga abin da hatsarin mota yake yi wa jikin ɗan Adam kafin ya riƙe kyamara. Motar da ta wuntsila a Mad Max 2 mota ce ta gaske, ƙurar ta gaske, mutumin da ya tashi sama daga kan babur shi ma na gaske, har karaya ya samu. Ido yana gane nauyin ƙarfe, ko an gaya masa ko ba a gaya masa ba.

Shekarun da suka yi hasashe ma duk sun wuce. Kurkukun Manhattan a 1997 aka ce, Los Angeles ta Blade Runner a 2019. Mun wuce su, mota ba ta tashi sama ba, amma ba wanda ya jefar da faifansa. Dama tsoron da ke cikinsu na zamanin da aka yi su ne, tsoron mai ƙarfi ya taka ka ba mai tambaya, kuma wannan tsoron ba ya tsufa.

Yanzu babbar hujjarka: wai komai yana intanet, danna kawai za ka yi. Komai? A 2023 Disney+ ta sauke tarin shirye-shirye daga manhajarta, har da Willow wanda ita da kanta ta yi, bai ko shekara da fitowa ba. A 2022 mutanen Jamus da Ostiriya da suka sayi finafinan kamfanin StudioCanal a shagon PlayStation na intanet, saya fa na ce, da kuɗinsu, an sanar da su za a kwashe, aka kuma kwashe. Kayan aro ba ya rufe katara. Kana biyan kuɗin wata, wani kamfani da ba ka taɓa ganin fuskar mai shi ba yana zaɓa maka abin da za ka kalla yau, gobe ya ɗauke ba sallama, sannan ka zo kana yi wa mai faifai dariya. Malam, kai ne fa a cikin fim ɗin. OCP kake yi wa talla kyauta.

Ban musa ba, zamanin yana tafiya. Funai, kamfanin Japan na ƙarshe da ke ƙera na'urar kaset ɗin VHS, ya daina a 2016. Netflix ta rufe aika faifai ta gidan waya a Satumbar 2023. Wata rana na'urata za ta mutu in rasa mai gyara. Na sani.

Amma bari in gaya maka gaskiya, ba da gatse ba. A kantar nan akwai kaset ɗin Mad Max 2 da hotonsa yake rawa a daidai wurin da aka fara bin tankar mai, saboda yawan mayar da shi baya da ni da yayana muka yi. Shi yake riƙe da rimot, ni nake roƙo a sake. Allah ya yi masa rasuwa shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Ina da fim ɗin a faifan Blu-ray, tas da shi, har gumin fuskar Mel Gibson kana iya ƙirgawa. Amma duk lokacin da na saka tsohon kaset ɗin hoton ya fara rawa a wurin nan, sai in ji kamar yana zaune a gefena zai ce, to wannan ne na ƙarshe. Babu manhajar da take da wannan rawar. Shi ka kira tarkace, kuma na yafe maka, don ba ka sani ba.

Af, tunda ana maganar kanta. Wanda ya ari Demolition Man ɗina tun bara, ya dawo mini da kwali babu faifai a ciki, ya san kansa, kuma na ga yana cikin masu danna alamar dariya jiya. Ba zan kama suna ba tukuna. Ka duba cikin na'urarka, ina kyautata zaton yana nan kwance. Na ba ka zuwa ƙarshen sati, kuma kada ka goge shi da gefen riga.