Mun iya fita jana'iza, me ya hana mu fita taron gari?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa maza da mata.

A garuruwanmu, idan liman ya sanar da rasuwa bayan sallar Asuba, ba wanda ke jiran gayyata. Kafin hantsi samari sun saɓa diga da shebur sun nufi maƙabarta, wani ya tafi yanko likkafani, wani ya ɗauko makara, mata sun cika gidan mamaci. Mai shago ya ja ƙofa, manomi ya fasa zuwa gona. Alhamdu lillahi, wannan baiwa ce daga Allah. Tun muna yara aka koya mana cewa shirya gawa farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi, nauyi ya sauka daga kan kowa, idan kuwa aka bari, duk gari ya ɗauki zunubi.

To wa ya ce mana hukuncin nan a kan matattu kaɗai ya tsaya? Malaman fiƙihu sun lissafa likitanci da sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su a cikin wannan babi. Ruwan sha fa? Karatun yara fa? Lafiyar mai ciki fa?

Ku dubi famfon tuƙa-tuƙa na bakin kasuwa. Sau da yawa wata 'yar roba ce ta cinye a cikinsa, kuɗinta bai kai abin da majalisa ɗaya ke kashewa a shayi a wata ba. Amma sai ya shekara a mace, har awaki su mai da wurin makwanci. 'Yan mata ƙanana su ɗauki jarka tun da duku-duku su tafi rafi, su dawo an riga an kaɗa ƙararrawar makaranta. 'Yan ga-ruwa su ƙara kuɗi. Mai unguwa ya sa a yi shela: taro bayan La'asar a ƙofar gidan dagaci. A shimfiɗa tabarmi, dattawa ƙalilan su zauna, su jira har Magariba ta gabato, a yi addu'a a tashi. A daidai lokacin, masu ilimin garin da ma'aikata da 'yan kasuwa suna gindin bishiya, hira ta yi daɗi, ana cewa gwamnati ta manta da mu. Wallahi wannan abu yana ci mini rai.

Lokacin da Musulmi suka yi ƙarancin ruwan sha mai daɗi a Madina, Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da wanda zai sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, da alƙawarin Aljanna. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya saya, ya zama gugansa ɗaya ne cikin gugunan mutane. Da za a gina masallacin Madina, shi kansa Annabi (SAW) ya ɗauki tubali. A shekara ta 5 bayan hijira, da aka yi shawarar haƙa gwalalo don kare gari, ya shiga rami da diga yana fama da yunwa. Allah Ya ce a cikin Suratul Ma'ida, aya ta 2: ku taimaki juna a kan aikin kirki da taƙawa.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ai duk siyasa ce, ni ba na shiga rigima." Ɗan'uwa, tun kafin annabci Manzon Allah (SAW) ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, inda manyan Makka suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Bayan zuwan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa, zai amsa. Kuma kujerar da ka ƙi zama a kai ba za ta zauna wayam ba. Idan mai tsoron Allah ya nannaɗe tabarmarsa ya koma gida, wanda ba ruwansa da haram shi zai riƙe asusun.

Ƙofofin kuwa a buɗe suke. Makarantar firamare tana da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta. Asibitin sha-ka-tafi yana da kwamitin raya mazaɓa da ke sa masa ido. Kowace mazaɓa tana da kansila. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Amma hukuncin kotu ba zai taka ya zo ya duba rufin ajin da iska ta yaye ba. Mutanen gari ne za su rubuta takarda, su sa hannu, su kai, su koma su tambaya cikin ladabi, su sake komawa.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa sanin daren da aka kai mai naƙuda aka tarar ba ungozoma. Ku faɗa a ƙungiyoyinku da makarantun Islamiyya, maza kuma ku saurara. Kada a raina hidimar mace ga jama'a: wata baiwar Allah da ke share masallaci ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba. Da ya rasa ganinta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Ku kuma da aka ɗora wa amanar kuɗin gudunmawa, ku ji tsoron Allah. Abin da ya fi kashe aikin gayya shi ne a tara kuɗi sau ɗaya, a ji shiru. Ku rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, ku tashi bayan sallar Juma'a ku karanta wa jama'a, ko da naira ɗari ce ta rage. Kada ku bari bambancin jam'iyya ko ɗariƙa ya shiga maganar yashe magudanar ruwa kafin damina.

Allah Ya ba mu ikon fita, Ya karɓa mana, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.