Dariyar da ba ta da labari ba ta kwana

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ke faruwa idan azumi ya kai kwana goma. Yara kan fito tashe bayan an sha ruwa, ɗaya ya manna auduga a haɓa, ya zura tsohuwar rigar kakansa, ya ranƙwafa a kan sanda yana tari. Matan gida kan yi dariya har da riƙe ciki, amma ba sa barin yaran su tafi hannu rabbana, domin a bayan gemun audugar nan sun hango tsohon da ƙarfinsa ya ƙare. A ganina, wannan haɗuwa ta dariya da tausayi ita ce gishirin wasan barkwanci, kuma ita ce ke neman ɓacewa yanzu.

Marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja, ya rasu a 2023, amma har yau ana kwaikwayon Hausarsa ta bariki. Ba karkatacciyar Hausar kaɗai ta riƙe masu kallo ba. Tsohon soja ne da ya san rayuwar bariki ciki da bai, saboda haka ko yana daka tsawa, mutum ake gani mai iyali da damuwa irin ta kowa. Haka ma Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya sha fitowa a matsayin talakan da ke ƙulla dabara don ya samu na sawa a bakin salati, dabarar kuma ta rushe a kansa. Mai kallo yana dariya ne yana tuna ranar da shi ma tasa dabarar ta ƙi ci.

Yawancin gajerun bidiyon da ke yawo a TikTok ba su da lokacin gina irin wannan mutum. Cikin minti ɗaya ake so a kwashe da dariya, don haka sai a kama mafi sauƙi, wato a kwaikwayi mai in'ina ko gurgu ko baƙauye, a wuce. Masu yi sukan ce tsadar rayuwa ta gallabi jama'a, nishaɗi kawai suke nema, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Sai dai tsokana a al'adarmu tana da ƙa'ida. Wasan da ke tsakanin taubasai, ko tsakanin Bafulatani da Babarbare, wanda hukumar UNESCO ta sanya irinsa na Nijar cikin al'adun gado na duniya a 2014, ya ginu ne a kan tsohuwar dangantaka da kowa ya san labarinta, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa nan take. Mai in'inar da ake kwaikwaya a bidiyo ba a ba shi suna ba, ba a nuna gidansa ba, balle a ba shi baki ya rama.