Mura ba ta jin antibayotik, amma a ba uwa abin da za ta riƙe

Da hunturu ya kama a Zariya, ƙura ta turnuƙe hanyar Samaru, sai wayoyin gida su fara zuwa mini da labari iri ɗaya: yaro na majina, yana tari da dare, an je kemis an karɓo Ampiclox ko Septrin na ruwa. Ƙanwata da ke aure a Tudun Wada ta ce da ni, "Yaya, ai in ba a haɗa masa da antibayotik ba, sauka zai yi a ƙirji." Na san tsoron da ke bayan maganarta, amma ban yarda da ita ba.

A nan Ingila inda nake zaune, ka kai yaro wurin likita da mura, zai auna zafin jikinsa, ya leƙa kunne da maƙogwaro, ya saurari ƙirji, sannan ya ce ku koma gida: farasitamol in jiki ya yi zafi, ruwa da yawa, zuma in ya haura shekara ɗaya. Ba rowa ba ce, don yaran da ba su kai shekara 16 ba kyauta ake ba su magani. Mafi yawan mura da tari bairos ne ke kawo su, shi kuwa antibayotik bakteriya kaɗai yake kashewa. Mura takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, tarin ya kai har mako uku, a sha magani ko kada a sha. To uwar da ta fara ɗura wa yaro Ampiclox a tsakiyar ciwon, ta ga sauƙi a ƙarshen mako, dole ta yaba wa kwalba. Ko majina ta koma kore, wannan kaɗai ba hujja ba ce.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne ragowar. Yaro ya ji sauƙi, sai a ɗora rabin kwalbar a kan kabad a jira ƙaninsa ya fara atishawa, alhali maganin da aka riga aka zuba wa ruwa mako ɗaya ko biyu yake yi a zubar, balle ga zafi ga rashin wutar firji. Shan ɗan kaɗan yau, ɗan kaɗan wata mai zuwa, shi ke koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, kuma Alexander Fleming da ya gano penisilin ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowa shan wuya idan aka auna da yawan jama'a. Mu ke nan. Ranar da nimoniya ta gaske ta zo, aka kwantar da yaro a asibitin koyarwa na Shika, wane magani ne zai yi masa aiki?

Sai dai ina da ja da 'yan uwana mazauna waje da ke cewa a kwaikwayi Turawa kawai. Likitan nan yana iya cewa "ku jira" ne saboda akwai lambar 111 ta neman shawarar ma'aikatan lafiya da uwa za ta kira ko da tsakar dare, kuma wani lokaci yakan rubuta takardar magani ya ce kada a karɓa sai in ciwon ya ƙi lafawa. Matar da ta hau ɗan acaɓa daga wani ƙauye bayan Wusasa, ta biya kuɗin kati, ta wuni a layi, ba ta da wannan gata. Zazzaɓi a wurinmu yana iya zama maleriya, sai an gwada jini. Ciwon maƙogwaro kuma ba abin wasa ba ne: mashaƙo ya ci yara da yawa a Arewa a 2023, musamman a Kano, akwai kuma ciwon maƙogwaro na bakteriya da ke taɓa zuciya in aka bar shi. Waɗannan ciwukan maƙogwaro biyu suna buƙatar antibayotik, a cikakken adadi, daga hannun wanda ya duba yaron.

Saboda haka in za a hana uwa kwalba, a koya mata ƙirga numfashi. Ta ɗage rigar yaron lokacin da ya natsu, ta kunna agogon waya, ta ƙirga tashin ƙirji na minti ɗaya cif. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce: daga wata 2 zuwa 11, sau 50 ko fiye ya yi yawa, daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Idan ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki yayin jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, asibiti za a nufa a lokacin, ba kemis ba. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa a kai shi.

Masu kemis na Sabon Gari da cikin birni su ne iyaye ke fara samu, kuma da yawansu mutanen kirki ne da ke ba da magani bashi. Su ya kamata a fara horarwa a kan wannan ƙirga, a kuma tabbatar kowane shago na da abin gwajin maleriya, domin mai shagon ya iya ce wa uwa, "Hajiya, numfashinsa lafiya lau, ga farasitamol, in ya canza ki wuce asibiti."