Soja da tafiya ƙasar 'yan gurguzu

Har yanzu a Jos ana cewa sojan da ke bakin aiki ba ya taka ƙasar 'yan gurguzu irin Sin ko Kuba, wai za a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Amma ba haka abin yake ba.

Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin tun 1971. Tana sayen tankokin yaƙi a can, hafsoshinta ma na zuwa kwas. Izini ake dubawa, ba ƙasar da soja zai je ba. Kofur a barikin Rukuba da ke kusa da Jos, ko Umra zai je, sai ya nemi hutu da izinin fita ta hannun kwamandansa. In ya fice babu takarda, laifin barin aiki ne, Makka ya tafi ko Sin.