Dala Ƙari

A gidanmu da ke Zango, duk wanda ya tambayi Inna sana'ata sai ta ce gyaran salula nake yi. Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce mata shafukan intanet nake ginawa, irin wanda mutum zai zauna a Yamai ko Kano ya ga kayan shagon Damagaram ba tare da ya hau mota ba. Ta gyaɗa kai ta ce Allah ya yi wa nema albarka. Washegari sai ga maƙwabciyarmu a ƙofar zaure, riƙe da salularta da ta faɗa cikin kunu, wai Inna ce ta turo ta.

Zauren nan shi ne ofishina. Tebur ɗaya, kwamfutar gwanjo da aka kawo mini daga Kano, batirin mota, da farantin sola a kan soro wanda na saya tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke kuran, wato wutar lantarki, muka yi watanni muna kallon waya ba komai a ciki. Farantin yana aiki idan na tuna na hau na share masa ƙura. Ba kullum nake tunawa ba.

Bayan aikin mutane ina da nawa na gefe. Akwai wata manhaja da na sa wa suna "Ruwa Ya Zo", wadda za ta sanar da kai idan pampon unguwarku ya kawo, tunda kowa ya san halin garin nan da ke zaune kan duwatsu: ranar da ruwa ya zo da ƙarfe ukun dare, to ranar babu barci. Mutum bakwai ne suka sauke ta, huɗu daga cikinsu ƴan fadarmu ne da na hana shayi sai sun sauke. Inna kuwa tana da tata manhajar. Matar gidan baya ce ke ƙwala kira ta kan katanga, kuma har yau ba ta taɓa neman forfe, wato datar intanet, ba.

Amma abin da aka fi sanina da shi a fada shi ne wa'azin haruffa masu ƙugiya. Duk wanda ya rubuto mini saƙo ya ce ya yi "baki" a gida, sai na tambaye shi ko da can ba shi da baki ne. Wanda ya rubuta cewa "kura" ta taso daga gabas, na ce ya gudu ya hau bishiya. Nakan tuna musu cewa a nan Zinder aka fara buɗe lakwal mai koyarwa da Hausa a 1973, saboda haka abin kunya ne ɗan Damagaram ya kasa bambanta kaya da ƙaya. Madannan kwamfutata na Faransanci ne, akwai é da è da ç amma babu ƙ, don haka ina da wata ƴar takarda a gefen allo mai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, ina kwafowa ina mannawa ɗaya bayan ɗaya. Wahala ce, amma ina yinta da alfahari. Ku riƙe wannan alfaharin, za mu dawo kansa.

Kawuna, wan Inna, baduku ne a Birni, ba nisa da gidan Sarki. Jakunkuna, takalma, gafaka, kube, tumtum, duk yana yi, da jar fatar akuya wadda ƙamshinta ke tarbarka tun daga bakin lungu. Da can Turawa masu yawon buɗe ido ne manyan masu sayen kayansa. Sun daina zuwa. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ɗan nan, an ce kana buɗe wa mutane shago cikin waya. Ni ne ban kai ba?"

"Haba Kawu, ai kai ne gaba."

Muka shirya a kan jika hamsin, wato kuɗin dangi, wanda ko rabin abin da nake karɓa a waje bai kai ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a rubuta farashi da lamba. Ya ce idan aka sa 5500, mai lissafi da dala zai ruɗe, Bakano kuma zai ɗauka naira ce. A rubuta yadda ake faɗa a kasuwa: jika biyar da dala ɗari. Ga wanda ba ɗan ƙasar nan ba, dala sefa biyar ce, jika kuma dubu, don haka dala ɗari ita ce 500. Na ga hujjarsa ta fi tawa, na bi.

Mako uku na yi ina ɗaukar hoton kaya a kan tabarma, ina korar awaki daga bayan hoton, ina rubuta bayanin kaya 140, kowace ƙugiya a mazauninta. A kwamfutata komai ya fito tsaf kamar amarya.

Kawu ya ce lallai a buɗe shafin kafin Alhamis, ranar babbar kasuwa, don ya nuna wa abokansa a Dole. Saboda haka daren Laraba na zauna ɗora shi a sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet, wadda na kama haya mafi arha, can wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Rezon intanet yana zuwa yana komawa kamar mai zawarci. Minti arba'in aka yi kafin bayanan su gama hawa. Na buɗe shafin a salulata, sai na ga: "Maraba da ba?i. ?aramar jaka ta ba?ar fata, mai kyau ?warai."

Na san ciwon nan take. Rumbun bayanan da ke sabar tsohon MySQL ne, irin na kafin 2018, wanda idan ba ka ce masa komai ba yake zaɓar wani tsarin haruffa mai suna latin1, har da jerin baƙaƙen mutanen Suwidin. Tsarin ya san é, ya san ç, duk Faransancin shafin ya fito lafiya lau. Amma da ya ci karo da harafi mai ƙugiya sai ya ɗaga kafaɗa ya ajiye alamar tambaya. Maganin ba ɓoyayye ba ne: ka mai da rumbun zuwa utf8mb4, tsarin da ya san ƙugiya, ka sake ɗora bayanan daga farko. Wani minti arba'in ke nan.

Daidai nan aka ɗauke kuran. Na juya ga batirin mota, na tarar farantin sola ya yini ƙarƙashin ƙurar mako biyu, ko fitila bai iya kunnawa. Kwamfuta ta nuna saura kashi tara cikin ɗari. Forfe kuma ya aiko saƙon bankwana.

Sai shaiɗan ya matso kusa da kunnena, da muryar gwani. Ya ce dubi shafin farko mana: ba?i, ?aramar, ba?ar, ?warai. Duk ba ƙ ba ce? Na gyara tsarin rumbun, wannan ko minti ɗaya bai ci ba, sannan na rubuta umarni layi ɗaya tak: duk inda ka ga alamar tambaya, mai da ita ƙ. Na danna. Na sake buɗe shafin farko daga sama. "Maraba da baƙi." Na ce kai, Allah ya yi mini kai. Na aika wa Kawu adireshin, kwamfuta ta mutu, ni ma na bi ta.

Kiran Kawu ne ya tashe ni, wajen ƙarfe tara.

"Kai ɗan nan, ni baduku ne ko mai haƙar rijiya?"

"Kawu, ina kwana. Lafiya dai?"

"Da sauƙi. Hau kabu-kabu ka same ni a Dole yanzu."

A kan babur na ranci forfe na buɗe shafin, na gangara ƙasa inda ban duba ba jiya. Jimlar da na fi ji da ita, wadda na kwana biyu ina sassaƙawa, cewa take: muna haɗa jaka da takalmi da hannu, ɗinki ɗaya ya ishe ka shekaru. Yanzu ta koma: "Muna haƙa jaka da takalmi da hannu, ƙinki ƙaya ya ishe ka shekaru." Wurin biyan kuɗi ya zama wurin biyan "kuƙi". Ƴan'uwa sun zama "ƙan'uwa". Har tambayoyin gaskiya ba su tsira ba, don a ƙasan shafi an rubuta da manyan baƙi: "Ina shagonmu yakeƙ". Mai kabu-kabu ya waiwayo ya tambaye ni ko rasuwa aka yi, don ya ji ina salati.

Ashe tun asuba Kawu ya sa yaron shagonsa ya watsa adireshin a duk wani zauren WhatsApp da yake ciki: na dukawa, na ƴan unguwa, na waɗanda suka yi aikin hajji shekara ɗaya. Na same shi zaune a rumfar wani abokinsa, dattawa biyar sun kewaye salula ɗaya, wani mai tabarau yana karantawa da ƙarfi kamar mai sanarwa a rediyo, sauran suna share hawaye da bakin rawani.

Kawu bai yi dariya ba. Ya miƙo mini salularsa ya ce in saurari saƙonni. Na farko wani mutum ne daga Mirya, yana tambaya cikin natsuwa ko "jaka ƙaya" ɗin nan ita ce mai ƙaya a ciki saboda masu yankan aljihu, in haka ne yana son biyu. Na biyu wata Hajiya ce daga Maradi, ƴar kasuwa, muryarta kamar ta mai raba gado. Ta ce ta ga jakar hannu jika biyar da dala ƙari, ta ɗauki huɗu, ta riga ta aiko da kuɗi: jika ashirin da dala huɗu cif. Ta ƙara da cewa ita dai ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai ƙarin dala ɗaya ba, amma tunda haka tsarinsu yake ta biya, kada a ce ta ci haƙƙin wani.

Dala ɗari ce ta koma dala ƙari. A kowace jaka Kawu ya tashi da sefa biyar maimakon 500.

"Kawu, sai a kira ta a yi mata bayani."

"Na kira. Ta ce abin da aka rubuta ta biya, kuma ta ɗauki hotonsa. Shekara arba'in ina sana'ar nan ban taɓa faɗin farashi na janye ba, ba zan fara a kan jikar wani ba." Ya juya ga mai tabarau. "Malam, wannan shi ne wanda ke gyara wa mutane Hausa a fada."

Na ce kada ya damu, ainihin rubutun yana nan a kwamfutata, minti arba'in ya isa. Na koma gida da gudu, na tarar kuran ya dawo, na kunna, na haɗa da intanet, na shiga wanka don in huce. Abin da na manta shi ne wani aikin gefen nawa, ɗan shirin da na rubuta bara na sa masa suna "Maigadi". Aikinsa, da zarar ya ji rezo, ya kwaso abin da ke sabar ya ajiye a kwamfutata don kada wani abu ya ɓata. A kan tsohon yake ajiyewa. Na sha cewa zan gyara wannan. Kafin in fito daga wanka Maigadi ya gama aikinsa da aminci, ya shafe mai kyau ya adana mai ƙaya.

Kwana biyu na yi ina bin kaya 140 kalma bayan kalma. Da idona ya fara ganin ƙ a jikin bango, sai na ɗauko ƴar yayata mai shekara goma sha ɗaya, wadda ke lakwal mai koyar da Hausa. Ta zo da jan bik, ta ce sai an buga mata a takarda kamar yadda mushensu, wato malaminsu, ke yi, kuma ladanta kilishi ne, ba alawa ba. Ta zauna kan kujerata, ni ina kan tabarma. Bayan ta gama da ɓarnar daren Laraba, sai ta ci gaba da zagaye wasu kalmomin.

"Kawu, wannan fa?"

"Wannan ai daidai yake."

"Ƙwalliya ka rubuta. Kwalliya dai ba ta da ƙugiya, kuma kwalba ma ka sa mata."

Guda goma sha ɗaya ta samo waɗanda ba ruwan MySQL da su. Na ƙara mata kilishi a kan kada maganar ta fita daga zaure. Kafin magariba Inna ta sani, kafin isha'i matar gidan baya ta sani, kuma kun san yadda tata manhajar ke aiki.

Mutumin Mirya bai haƙura ba, sai da Kawu ya ɗinka masa jaka mai ɓoyayyen aljihu da maɓalli biyu, ya ce masa ƙayar ta ƙare a kasuwa. Yanzu ita ce ta fi fita a shafin. A fada kuwa an daina kirana da sunana. Ina isowa ake matsa mini wuri, a ce a zuba wa Mushe Ƙaya na farko.

Ranar Asabar Kawu ya aiko a kira ni Birni. Ya ajiye basilla, ya buɗe wata tsohuwar gafaka, ya ƙirgo kuɗi a kan fatar da yake yanka. Jika arba'in da takwas.

"Jika biyun na Hajiyar Maradi ne," in ji shi. "Ka taya ni ɗauka."

Ban ce uffan ba. Na tattara zan tashi, ya ce in dakata. Ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe, ya fito da wani ɗan ƙulli a tsumma, ya kwance shi a hankali. Ƙwandalar dala ce guda ɗaya, ta yi baƙi, irin wadda rabona da ganinta tun ina ɗan lakwal. Yaron shago ya ce tun Alhamis Kawu ke bin masu goro da masu gishiri a Dole yana cigiyarta.

Ya ɗora mini ita a tafin hannu ya rufe da nasa.

"Ga ƙarinka. Ka gai da Innarka, ka ce mata salulata ma tana ɗaukar zafi, gobe zan aiko maka da ita."