Ranar da na zana iska na sa mata suna

Ni ne ɗalibin nan da ke ɗaga hannu tun malam bai gama tambaya ba. Don haka da aka ce gobe za mu shiga ɗakin gwaje-gwaje mu ga ƙwayar halitta da idonmu, kwana na yi ina hadda. Na san a 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanki ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya leƙa ta maikiroskof, na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ya ga 'yan ɗakuna a jere, ya raɗa musu suna sel, wato ƙwayar halitta. Na san gilashin da ake kafa ido a kansa yana ninka girman abu sau 10, na ƙasa kuma sau 4, 10 ko 40, in an haɗa a samu 40, 100 ko 400. Duk wannan yana kaina. Hannuna ne bai taɓa riƙe maikiroskof ba.

Aikin ba wuya a baki. A ɓare tantanin cikin albasa, siririn nan mai kama da leda, a shimfiɗa a kan gilashi, a ɗiga aidin, sannan a jingina gefen ɗan gilashin rufi a sauke shi a hankali. Sau uku malam yana nanata "a hankali". Na ɗauka da masu nauyin kai yake, na saki nawa daga sama.

Leƙen farko sai ga wasu baƙaƙen sanduna suna kaɗawa. Gabana ya faɗi, na ce yau na gano halittar da ba ta cikin littafi. Ashe gashin idona ne. Na tura gilashin hagu, hoton ya yi dama, na ja baya ya yi gaba. Ba wanda ya gaya mini na'urar juya hoto take yi, sai da na yi gumi ina farautar albasar da ba ta motsi.

Can sai ga ta! Zagayayya kamar an ja ta da kamfas, bakinta baƙi ƙirin mai kauri, tsakiyarta na sheƙi. Na feƙe fensir na zana ta rabin shafi. Baƙin zoben na rubuta masa "bangon sel", hasken tsakiya na ce "nukiliyos", wato cibiyar sel. Mutum shida suka bar nasu suka zo suna kwafa, ni kuwa har da gyara musu kibiya.

Malam ya iso, ya dubi littafin, ya leƙa na'urar, ya sake duban littafin.

"Wannan fa?"

"Ƙwayar halittar albasa ce, Malam."

"To madalla. Kumfar iska ce ka danne da gilashin rufi."

Ya ɗan zunguri gilashin da yatsa ya ce in duba. Wallahi ƙwayoyin halittar albasar suna nan gefe tun ɗazu, dogaye, a jere kamar bulo a jikin gini, kowacce da bangonta da ɗan ɗigon da aidin ya rina. Don in wanke kaina na tambaya ina koren da ake cewa sel ɗin tsiro yana da shi. Ya ce kan albasa a ƙasa yake binne, bai ganin rana, me zai yi da kulorofilas?

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma na ce sai na riga kowa ganin nukiliyos a girma 400. Na juyo dogon gilashin, idona na kan na'ura, na kama babban abin murɗawa maimakon ƙaramin. A wannan matakin tazarar da ke tsakanin gilashin da samfurin ba ta kai milimita ɗaya ba. Murɗa biyu na yi, sai ji kake ƙas! Ajin ya yi tsit, aidin na bin gefen gilashin da ya rabe biyu.

Mutum shidan nan ba su yafe mini sifilin da suka ci ba. Su suka sa mini Farfesan Iska, kuma har yau in wani ya kira ni haka a gaban baƙo, sai na tsaya na yi bayanin wace iskar ake nufi.