Kar a yi saurin zagin masu kai iyaye gidan kula

Na karanta labarin nan na ƙananan gidajen kula da masu ciwon mantuwa a Ingila, naga wasu masu sharhi a ƙasan labarin sai tsinuwa suke wai an yar da iyaye. Haba jama'a, wanda bai taɓa jinyar mai gigin tsufa ba bazai gane ba wallahi, mutum ya tashi tsakar dare ya buɗe ƙofa ya fita cikin sanyin nan ba riga ba takalmi, ku kuma kowa na wurin aiki, ba kamar gida ba da akwai dangi da maƙwabta masu sa ido.

Ni shawarata in ta kama dole, kar a ruɗu da kyan gini. Ku duba rahoton hukumar CQC na gidan tukunna, su ke binciken irin gidajen nan kuma yana intanet kyauta. Sannan kuje ba sanarwa, musamman wajen magariba, don lokacin ne ruɗewar tafi tashi, a nan zaku ga haƙurin ma'aikata. Ku tambaya mutum nawa ke kwana duti da dare, kuma suna yawan canza ma'aikata ne? Saboda sabuwar fuska kullum ƙara rikita tsoho take.

Abun da labarin bai taɓo ba shine yare. Dayawa Turancin da suka koya da girma yana zubewa, Hajiya ta koma Hausa zalla, to wa zai ji ta in tace ƙishirwa take ji? Ga batun abincin halal da alwala, da mace ta riƙa yiwa mace wanka, duk a rubuta a yarjejeniya kafin a biya ko sisi.